Salkar Ɗanfari: littafin aikin fim ɗinmu na zane

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Wata huɗu ke nan muna kan aikin nan, kuma na lura abin da muka tsayar jiya, yau sai mu manta dalilin tsayar da shi. Shi ya sa zan riƙa rubutawa. Mu uku ne: ni mai zanen motsi, ƙanwata mai fenti da zanen gari, sai abokina tun na firamare da ke riƙe da sauti. Shagon ƙofar gidanmu a unguwar Mabera, cikin Sakkwato, shi ne wurin aiki. Fim ne na zane mai motsi, na minti 11, da Hausa, don yara. Da Blender muke yi, wani shirin kwamfuta na yin zane mai motsi, saboda kyauta ne, kuma ɓangarensa na Grease Pencil yana barin mutum ya zana da hannu kamar a takarda. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Mu 12 za mu zana, kowane ya tsaya sau biyu, wato zane 7,920 ke nan in ba a cire wuraren da hoto ke tsaye cik ba.

Labarin wani gari ne da ba ya cikin taswira, wanda wani mutum ya hana wa ruwa, da yarinya Marka da ta tashi neman inda ruwan ya maƙale. Marka ta zauna tun cikin Agusta, ba ta ba ni wahala ba. Mugun ne ya ƙi zama. Na yi masa jajayen idanu da haƙoran kura da dogayen farata, na nuna wa ɗan yayana mai shekara 7, sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ai wannan ko Gizo ya yi masa wayo. Yaron da ke kallon katun a waya kullum ba ya jin tsoron dodon da ya zo da kamannin dodo. Yau na cire zanen duka daga bango.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na je gaida Goggo a Rijiyar Ɗorawa, hira ta kai mu ga farin 1973, wanda ya cinye dabbobin mutane tun daga nan har ƙasar Nijar. Tana budurwa lokacin, a ƙauye. Ban je da niyyar aiki ba, amma abin da ta faɗa ya hana ni barci. Ta ce akwai wani maƙwabcinsu da ya rasa shanunsa da ƙaramin ɗansa a shekarar. Ruwa ya dawo, aka yi noma, ya yi arziki fiye da kowa a ƙauyen. "Amma ɗana," in ji ta, "rumbunai cike, shina ƙirga loma ga bakin ɗiyanai. Har yam mutu bai ƙoshi ba."

Na ce, "Goggo, mugu ne ke nan?" Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Mutane sun wahala hannunai. Amma tsoro na yac ci shi."

Mugunmu ke nan. Yaro ne da ya bi uwarsa neman ruwa a shekarar fari, ita ba ta dawo ba, shi ya dawo. Ya fara da ga-ruwa, ya zama mai tsaron rijiyar gari, yanzu rawanin garin yake so. A kowane mataki yana ce wa ransa wannan kaɗai ya rage sai ya huta, kuma duk matakin da ya taka sai abin da zai iya rasawa ya ƙaru, tsoron ya ƙaru tare da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, amma shi wannan gudunsa sama yake yi, ta kan mutane.

Sunan ma ya zo a hanyar dawowa: Ɗanfari. A rubuce ɗaya ne da ɗan fari na uwa, a baki kuwa dabam, domin na farko a gida ana jan "fa" ɗin, na shekarar fari ba a ja. Shi duka biyun ne. Ƙanwata ta so a sa masa Arzika, don a ga mai sunan arziki da ke tsoron tsiya, amma sunan iyayen mutane ne da yawa a garin nan, ba zan liƙa wa mugu shi ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Kawu ya karanta labarin. Shekara da shekaru yana koyarwa a Islamiyya, kuma na fi son in ji daga bakinsa tun yanzu da in ji daga bakin iyayen yara bayan an gama. A rubutun farko Ɗanfari yana ɗaure hadari ne da tsafi. Kawu ya ajiye takardar ya ce, "Yaro, ruwan sama ba ya hannun kowa sai Allah. Kar ka koya ma yara wani mahaluki na iya tsaida shi." Bai hana ni fim ba, wannan kaɗai ya ce in gyara.

Gaskiyarsa, kuma gyaran ya ƙara wa labarin ƙarfi. Yanzu Ɗanfari ba ya da iko da hadari ko kaɗan, ƙarya yake yi wa gari cewa yana da shi. Abin da ya sani, wanda babu wanda ya sani, shi ne idon ruwan da ke ciyar da gulbin garin yana cikin wani kogo, kuma wani ƙaton kunkuru mai bayan dutse ya kwanta a kai. Kowane dare Ɗanfari yakan je ya busa masa sarewa don kada ya farka. Mutumin da gari ke rawar jiki a gabansa da rana, shi ne ke durƙushe cikin duhu yana busa da hannu na karkarwa. Shi ma bai yi barcin kirki ba tun shekaru.

Mun kuma kauce wa rijiya a matsayin cibiyar labari. Abokina ya ce da an ga rijiya da abin da ya tare ta, kowa Kusugu ta Daura zai tuna da macijin Bayajidda, yaran su ɗauka wancan labarin muke maimaitawa.

Lahadi, 29 ga Disamba

Hazo ya rufe gari, yatsu sun bushe, sai na shafa mai kafin in riƙe alƙalamin allon zane. Na yi siffa 9 na Ɗanfari, na cike kowace da baƙi don in ga ko za a gane shi daga inuwarsa kaɗai. Ta bakwai ta ci: dogo, siriri, babbar riga da ta fi ƙarfinsa, kafaɗa ɗaya a sauke saboda wani abu da yake rataye da shi kullum. Ban san mene ne abin ba tukuna. Ganuwar garin kuwa ƙanwata ta ɗauko ta daga hotunan kufan Surame, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, saboda ginin dutse ne, kuma ya fi dacewa da garin da ƙishirwa ta kama.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Salka ce. Salkar uwarsa, wadda ta rataya masa ranar da suka rabu, da ɗan ruwan da ya rage a ciki. Bai taɓa kwance bakinta ba. Yana da randuna ɗari a gida, amma in hannunsa bai taɓa salkar nan ba hankalinsa ba ya kwanciya.

Ban taɓa riƙe salka ba, don haka na tafi wurin majema. Warin wurin ya tarbe ni tun daga nesa. Wani dattijo ya zaunar da ni kan turmi a kife, ya nuna mini yadda ake jiƙa fatar jar akuya a ruwan bagaruwa, da yadda ake fid da ja daga karan dafi. Fatar nan ta Sakkwato ce a da ayari kan ƙetare hamada da ita har ta kai Turai da sunan fatar Maroko. Ya sa yaronsa ya ciko wata salka ya rataya mini. Tana da nauyi, tana da sanyi a haƙarƙari, kuma ba ta bin tafiyar mutum nan take: ka taka, sai bayan ɗan lokaci ruwan ya biyo ka ya buge ka. Na ɗauki hoton motsin da waya, na ƙirga, kusan zane 3 take makara a bayan ƙugu. Na ce, "Baba, me ya sa bayanta ke jiƙe?" Ya ce zufa take yi, ta nan ruwan ke yin sanyi.

Alamar tsoron Ɗanfari ta samu ke nan, ba sai ya faɗa da baki ba. Duk lokacin da wani ya ambaci ƙishirwa ko ya yi masa gardama, fuskarsa ba ta canzawa, amma yatsun hagunsa sukan lallaɓa su dafe bakin salkar. Zane 6 ne kawai. Ina so yaro ya gan shi sau uku kafin ya gane, a na huɗu ya riga ni faɗa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

An ɗauke wuta kwana biyu, batirin sola bai kai mu la'asar ba. Na zana a takarda. Daƙiƙa 40 aka gama a makon nan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ɗaukar murya. Mun samu wani dattijo da ya daɗe yana wasan kwaikwayo na rediyo, ya yarda ya yi mana Ɗanfari. Mun jingina katifu biyu a bango, muka rataya barguna, muka jira bayan isha'i lokacin da babura suka ragu a titi. Abokina yana ɗauka da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity.

Na roƙe shi ya yi murya mai kauri, mai tsawa. Ya yi sau biyu, ya cire abin kunne ya ce, "Ɗana, in ba ka damu ba in gwada wani abu. Mai tsawa ya san ƙarhinai. Wanga mutum bai yarda da ƙarhinai ba, lallashi zai yi." Sai ya sake faɗin layin da Ɗanfari ke ce wa mutanen gari, "Ni ko ina ƙaunarku, shi ya sa nake auna muku," a hankali, da taushi, kamar uba na rarrashin yara, amma numfashinsa na yankewa kafin ƙarshen jimla. Tsigar jikina ta tashi. Ƙanwata da ke zaune a ƙasa ta ce a bar wannan, kada a sake.

Mun yi ɗan ja-in-ja kan harshe. Baba mai murya ya so kowa ya yi Sakkwatanci zalla, abokina na tsoron yaran Kano da Zariya su kasa bi. Mun tsaya a kan mutanen gari da Marka su yi maganar gida, da "mi" da "wanga" da "munka", shi kuma Ɗanfari ya riƙa sauya harshe gwargwadon hawansa, yana gyara baki yana nesanta kansa da su. Sai a kogo, gaban kunkuru, harshen uwarsa ke dawo masa.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kai 12. Aiki ya koma daga bayan asham zuwa sahur. Ina daidaita baki da magana da hannu, harafi bayan harafi: leɓe a rufe wurin b da ɓ da m, a zumɓure wurin kw da gw. Ɗanfari ba ya buɗe baki sosai, wannan ya rage mini aiki, ya kuma dace da shi.

Zana mai tsoron ƙishirwa cikin azumin Maris a Sakkwato ya koya mini abin da ban sani ba. Jiya da la'asar sakaliya na kama kaina ina leƙa randa sau uku, ba don in sha ba, don in tabbatar akwai. Na sa wa Ɗanfari wannan: kafin ya kwanta yakan bi randunansa ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga faifai. Ni na san za a kira magariba. Shi a ransa ba a taɓa kiranta ba.

Kiɗansa ma ya zauna. In buri ya motsa masa, tambari ake ji can nesa, kiɗan da bai isa a yi masa ba tukuna. In tsoro ne, ƙarar guga ce da ta bugi busasshen gindin rijiya. A wurin naɗin da yake mafarki, abokina ya haɗa su biyun har suka zama bugu ɗaya.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan salla mun tara yaran unguwa 14 a zauren gidanmu, muka nuna musu fim ɗin a yadda yake, rabi da fenti rabi zanen fensir. Ba su yi dariya ba. Wurin sarewa a kogo wani yaro ya ja rigar yayansa ya rufe ido ɗaya. A karo na uku da hannun Ɗanfari zai nufi salka, ba ma na huɗu ba, wata ta ce, "Ga shi zai taɓa jakarsa!" Na ji daɗi ƙwarai.

Amma da aka gama, wata yarinya mai kamar shekara 9 tana hawaye ta ce Marka ba ta kyauta ba. Na durƙusa na ce, "Ƙanwata, me ta yi?" Ta ce, "Ai innarsa ta mutu. A ƙyale shi mana." Yara huɗu suka goyi bayanta.

Wannan ya dame ni fiye da dariyar ɗan yayana. Na yi wata biyar ina ƙoƙarin a fahimci Ɗanfari, har na wuce gona da iri na wanke shi. Garin da ya bari da ƙishirwa ya zama bango kawai a bayansa, ba a ga fuskar kowa ba. Kuma ba haka Goggo ta ba ni labarin ba, ta fara ne da cewa mutane sun wahala a hannun mutumin, sannan ta ambaci tsoro. A garin nan mun san masu ɓoye hatsi su jira tsada, mun san masu riƙe kujera kamar numfashi, kuma kowanensu in ka zauna da shi yana da labarin wuyar da ya sha. Ba na so yaro ya tashi daga gaban fim ɗina da tunanin cewa wanda aka cuta yana da lasisin cutar wasu. Mutane nawa suka sha farin 1973 da na 1984 suka fito da hannu a buɗe? Goggo kanta ba ta iya ganin almajiri a ƙofa ta bar shi.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na ƙara fage ɗaya, daƙiƙa 14, kuma shi ya ci mini mako biyu. Wata tsohuwa ta zo ƙofar Ɗanfari da tsakar rana, da jikanta a hannu, da ƙoƙo. Zanenta irin na uwarsa ne, saƙi mai ratsin baƙi, ƙanwata ta yi amfani da launi ɗaya tak da na fagen yarintarsa. Ya dube ta, kuma dole mai kallo ya ga cewa ya gane. Idonsa ya sauka kan yaron, ya ga kansa. Hannunsa ya tashi daga salka ya nufi faifan randa, ya tsaya a iska. Na riƙe wannan tsayuwar zane 18, daƙiƙa ɗaya da rabi, ba abin da ke motsi sai maƙogwaronsa. Sannan tambari ya buga can nesa, hannun ya koma, ya ce wa bara a rufe ƙofa.

Na yi ta gwada tsawon tsayuwar. A zane 8 kamar bai yi tunani ba, mugunta ce kawai ta ɗabi'a. A 30 kamar ana roƙa masa tausayi. A 18 ana ganin mutum ya ga hanya biyu ya zaɓi ɗaya da saninsa. Bayan an rufe ƙofa ban bi shi ciki ba, na bar hoton a waje tare da tsohuwar da ƙoƙonta.

Zafi ya wuce digiri 40, kwamfuta na kashe kanta in tana fitar da hoto, abin da muke kira dahuwa. Mun ɗora ta kan bulo biyu, fanka na busa ta, dahuwa sai bayan ƙarfe ɗaya na dare.

Asabar, 17 ga Mayu

Ƙarshen fim ya raba mu. Marka ta karɓe sarewar, kunkuru ya farka ya ɗaga, ruwan shekaru ya ɓalle. Abokina na so ruwan ya tafi da Ɗanfari. Ni ban so ba. Ina ɗan sakandare aka yi ambaliyar Satumban 2010, lokacin da Gulbin Rima ya cika ya yanke hanyar jami'a ta Kwalkwalawa, na ga mutanen ƙauyuka zaune a makarantu da abin da suka iya ɗaukowa a ka. Ruwan da ya ɓalle ba ya zaɓen mai laifi, ba zan zana shi kamar alƙali ba. A fim ɗin gauraki ne za su gargaɗi gari a hau tudu kafin ya iso.

Na koma wurin Baba majemi da wata tambaya: salkar da aka ɗaure shekara talatin ba a buɗe ba, yaya ruwan cikinta zai zama? Ya yi murmushi ya ce, "Wane ruwa? Na hwaɗa maka zuhwa takai. Kwana kaɗan ta tsotse. Hwatar ta ƙeƙashe ta sandare, ka ga kamar da abu ciki, babu komi."

Na tsaya riƙe da babur na kasa tayarwa. Ƙarshen ke nan. Ɗanfari a kan rufin gidansa, ruwa ta ko'ina, rawanin da bai kai ga naɗawa ba yana yawo a kai, shi kuma maƙogwaro a bushe don tsoro. Ya kwance bakin salkar a karon farko, ya kafa kai, ƙura ta zubo. Marka ce za ta miƙo masa ƙoƙo daga cikin kwalekwale. Ko ya karɓa ko bai karɓa ba, ba mu tsayar ba. Tsohuwar nan tana cikin jirgin, tana kallonsa, kuma ba za ta yi murmushi ba.

Kuɗin wannan shawara: duk inda na zana salkar tana lilo da nauyin ruwa, sai an sake. Fage 23 ne. Busasshiyar fata ba ta makara a bayan ƙugu, tare take tafiya da jiki kamar itace. Abokina ma zai cire ƙarar ruwan da ya sa mata ya sa ƙwanƙwasar busasshen abu, ƙasa-ƙasa, yadda wanda ya sake kallo zai ce ashe tun farko an gaya mini.

Asabar, 14 ga Yuni

An gyara fage 15 cikin 23. Minti 7 da daƙiƙa 20 sun gama dahuwa da fenti da sauti. Daren jiya hadari ya haɗo daga gabas, abokina ya fito da makirfo cikin leda ya ɗauki saukar ruwa a kan kwanon shago da kan ƙasar tsakar gida, ta ƙasar ta fi daɗi, ita za mu sa.

Na sake nuna wa yarinyar nan fagen tsohuwa ita kaɗai, da izinin mahaifiyarta. Ta kalla sau biyu. Ta ce, "Ya gane ta ko?" Na ce ya gane. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaya ko jikan ya samu ruwa daga baya. Babu wannan a fim ɗin. Na rubuta shi a jerin aikin mako mai zuwa: daƙiƙa 3, yaron a bakin gulbi, ƙoƙo a hannu biyu. Ranar Talata Baba mai murya zai dawo mu ɗauki numfashin Ɗanfari na kan rufi, ba magana, numfashi kawai, kuma ya ce kada a ba shi ruwa tun azahar.